Goggo da Rufaffun Kwanukan Asabar

Mu mata ba mu ga shigar Goggo ƙasa ba. A Madina maza ne ke raka gawa maƙabartar Baƙi'a, mu sai mu zauna a gida mu jira su dawo. An yi mata salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, kafin magariba maigidana ya tsaya a ƙofar gidanta da ke Ƙuba ya aiko a kira ni. Ya ce, "An rufe ta lafiya. Jama'a kuwa ba a magana." Na koma ciki na faɗa wa mata. Muka ce na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, sannan kowa ta ci gaba da kukanta.

Ban taɓa ganin gidan ya cika haka ba. Ga 'yan Sudan irina, ga matan Chadi, ga 'yan ƙasa waɗanda kakanninsu suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Maƙwabciyarta mai ƙunshi, 'yar Chadi, ta shigo da kururuwa tun daga titi, sai da tsofaffi suka riƙe ta suna cewa, "Haba, a garin Manzo kike, sassauta murya." Ta sassauta, ta sha gahawa, ta sake ɗagawa. Wata budurwa mai aiki a kantin magani ta bi layi tana yi mana gaisuwa da Larabci tsaf, yadda mutanen Hijaz ke yi. Da ta iso kaina sai Larabcin ya ƙare mata, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da haƙuri, Inna." Hausar a karkace take, amma durƙuson na Goggo ne, na gane shi. Akwai kuma wata tsohuwa Balarabiya ta bayan gida, wadda ba ta jin ko "zo" da Hausa. Tana lungu tana share hawaye, tana nuna labulen kicin tana cewa "kwano, kwano", don kalmar da ta tsinta ke nan a duk shekarun maƙwabtaka.

Ana cikin rabon shinkafar makoki na fara jin wata tambaya tana yawo ƙasa-ƙasa, daga wannan kunne zuwa wancan: "To Asabar fa?" Ba wadda ta ɗaga murya da ita, don bai dace ba, mamaciya ko kwana ba ta yi ba. Amma kowa ya san mijin Goggo ya riga ta gidan gaskiya, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba, gidan kuwa gadonsu ne ita da ƙaninta, wanda nake kira Baffa. Yanzu gida ya zama nasa shi kaɗai. Duk unguwa kuma ta san abin da ya taɓa shiga tsakaninsu a kan zaman Asabar.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina tsoron nan gaba jikokinmu su san ta a hoton waya kawai, wata tsohuwa mai ɗaurin ɗankwali a karkace, ba su san abin da ta riƙe mana ba.

Ba yayar mahaifina ba ce ciki ɗaya. Kakana da mahaifinta wa da ƙani ne, tare suka baro ƙasar Hausa da niyyar hajji. Nawa ya tsaya a Sudan zai yi noma ya tara guzuri, noman ya riƙe shi har ya rasu. Nata ya haye teku. Shi ya sa ita 'yar ƙasa ce da takardunta, ni kuwa da iƙama na zo, takardar zaman baƙo, ina amarya ina bin wani tela. Ranar da na fara zuwa gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe dangin da suka maƙale a hanya sun iso. Kun yi sauri." Tun daga ranar ta zama Goggona, ban sake jin ni baƙuwa ce a garin nan ba.

Zaman nata ba shi da suna, ba shi da allo a ƙofa. A da ranar Alhamis ake yi, da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar sai ya koma Asabar, ta ce hakan ma ya fi mata. Da safe takan yi alwala a gida, ta taka zuwa Masallacin Ƙuba ta yi nafila, ta sayo na'a-na'a a hanya, ta dawo ta ɗora tukunya. Bayan azahar mata su fara shigowa da 'ya'yansu, a watse kafin magariba. A yi tatsuniya, a koya wa yara waƙoƙin daka da na reno, a nuna wa 'yan mata yadda ake tuƙa tuwo ba gudaji da yadda ake gaishe da babba. Ta san a can gida ba a tatsuniya da rana. Takan ce, "Dare na telebijin ne da waya, na bar musu. Ranar ma da ƙyar na ƙwato."

Dokarta ɗaya ce: "Larabci a cire shi a bakin ƙofa tare da takalmi. Ba mai sacewa, nan Madina ce, in kun fita ku sa abinku." Abin dariyar kuwa, ita kanta ba ta gama magana ba tare da Larabci ya faɗo ciki ba. "Yalla, ku zauna, halas, ba na son kalam da yawa!" In muka ce, "Goggo, takalminki ya shigo," sai ta ce nata na tsufa ne, ya manne da ƙafa.

Ana kuma saƙar faifai. Babu kaba a Madina, don haka da ganyen dabino take yi, daga 'yan itatuwan da suka rage a bayan gidan tun Ƙuba na gonaki. Mahaifiyarsu ce ta fara wannan dabarar. Cikin waɗanda tsohuwar ta saƙa da hannunta guda ɗaya ya rage, mai jan baki, yana wurin Baffa.

Goggo ba ta taɓa karɓar kuɗi ba. Abin da ke riƙe da zaman shi ne kwano. Kowace mace ta zo da kwanonta a rufe da faifai, abin da ke ciki kuwa ya rage nata: dafaffen abinci ne, ɗanyar shinkafa ce, sukari ne, ko zare. Goggo na tsaye a bakin labulen kicin. Ta karɓa da hannu biyu, ta tanƙwara gwiwa kamar za ta faɗi, ta ce, "Wayyo, za ki karya ni da nauyi!" Kowa haka take gaya mata, babban kwano ne ko ɗan mitsitsi. Sai ta shige bayan labule ita kaɗai, ba mai bin ta, ko da ƙawarta ce ta ƙuruciya. A can take buɗewa, ta haɗa, ta juye a manyan faranti, a fito da shi a ci ba wanda ya san na wa ne. In ban da miyar mai ƙunshi, wadda barkononta ke tona mata asiri kowane mako. Faya-fayan su fito a yi fifita da su. In an tashi kowa ta karɓi kwanonta a rufe, da ɗumi, don Goggo ba ta mayar da kwano wayam. Na daɗe ina ɗaukar wannan tsarin tsofaffi ne kawai, irin wanda ba a tambayar dalilinsa.

Sai shekarun nan suka zo da aka janye tallafi. Kuɗin wuta ya tashi, na mai ya tashi, na ruwa ma bai zauna ba. Aka sa dariba, harajin da ke hawa kan abin da ka saya, tun daga buhun shinkafa har zaren ɗinki. Mu masu iƙama aka ƙara mana da kuɗin zaman iyali, kowane kai da nasa. Ba ƙorafi nake ba, ƙasa tasu ce kuma sun san dalilinsu. Ina faɗin yadda abin ya iso tsakar gidan Goggo ne. Wasu mazan suka mayar da matansu da 'ya'yansu Sudan da Chadi. Waɗanda suka rage suka fara yi wa kyauta tunani, abin da ba su saba ba. Mace kuma ba za ta fito ta ce ba ta da abin sawa a kwano ba. Sai dai ta ce kanta na ciwo, ko yaro na da jarrabawa. Tabarmin da a da ba sa isarmu suka fara yin fili.

Ni ma kaina ya yi ciwo, makonni a jere. Wannan sirrina ne, ni ke da ikon faɗinsa. Shagon maigidana ya yi sanyi, fatura, wato takardar biyan kuɗi, na bin fatura, abin da muka dafa ba ya kaiwa ga kwano na biyu. Rannan da tsakar rana, ana zafin da ko kyanwa ba ta fita, na ji ana buga ƙofa. Goggo ce. Ta hau bas daga Ƙuba har unguwarmu ta wajen Uhudu, tana haki, da sabon faifai a hammata.

Ta ce, "Ina kan da ke ciwo? Kawo in gani."

Na ce, "Goggo, ya yi sauƙi."

"To madalla. 'Ya'yanki kuma sun gama jin Hausa ke nan? Jiya na kira wayarki, babbar ta ɗauka ta ce mini 'min ma'aya', wai wa ke magana. Ni ce min ma'aya?"

Ni mai surutun nan sai na kawar da kai. Ta ajiye faifan a cinyata ta ce, "'Yata, kwano na ce a kawo. Kin taɓa jin na ce ga abin da za a sa a ciki? Ki wanke shi, ki rufe, ki riƙe da hannu biyu. Sauran aikina ne."

Na yi kuka, ta bar ni na yi. Sannan ta ce in ba ta ruwa mai sanyi in daina ɓata mata lokaci, akwai gidajen da za ta shiga kafin la'asar. Ban tambaye ta gidan wa da wa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Asabar ɗin na shiga da kwano wayam. Wallahi ban taɓa ɗaukar kaya mai wuya irinsa ba. Sai ka kula kada faifan ya zame, kada hannu ya yi sauri ya nuna rashin nauyi. Na miƙa, ta karɓa, ta tanƙwara gwiwa ta ce, "Wayyo, za ki karya ni da nauyi!" Daidai yadda take faɗa kullum, ba ƙari ba ragi. Da yamma na koma gida da dambu mai ɗumi, muka ci har da safe. A hankali tabarmi suka sake cika, ciwon kai ya warke a unguwanni da yawa lokaci guda.

Sai dai tukunyarta ce ke ɗaukar nauyin. Miya ta fara yin ruwa, nama sai an yi sa'a. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke ce wa mukayyif, ta kashe duka sai ta ɗaki ɗaya, inda ake kwantar da jarirai da tsofaffi. Ta matsar da zaman zuwa bayan la'asar, ta mayar da mu tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ta yayyafa ruwan wankin shinkafa a ƙasa. Mun sha gumi. Yara kuwa ko a jikinsu.

A nan Baffa ya shigo cikin maganar. Ɗan kasuwar dabino ne mai kamfani, yana sarowa daga gonakin Badar yana ba masu rumfuna a Uhudu. Mutumin kirki ne, kada wani ya karanta wannan ya zarge shi. Shekara da shekaru yakan sa a ajiye wa yayarsa buhun shinkafa da kwalin dabino a ƙofa, ba ya ma tunawa ya yi. Da dariba ta zo, sai ya zama duk abin da ya fita daga sitonsa sai da fatura, akanta na zaune a kai. Akantan ne ya nuna masa hanya. Ya ce in ƙungiya ce mai rajista da lasisi, abin da kamfani ya ba ta ana ba da rasiti, a yi la'akari da shi a lissafin da hukuma ke yi wa kamfanin. Ta haka zai ba da fiye da abin da ya saba bai ji a jikinsa ba. Abin da na lura da shi ke nan a shekarun: hannun marasa ƙarfi ya matse, na masu ƙarfi ya ƙara buɗewa, amma ya karkata wajen da ake ba da takarda.

Ya zo mata da murnarsa. Ina gidan ranar, ina taya ta tsage ganyen dabino, don haka da kunnena na ji.

Ya ce, "Yaya, na samo miki mafita. A yi wa zaman nan rajista, ya zama ƙungiyar al'adun gargajiya. Ke 'yar ƙasa ce, ni ɗan ƙasa ne, ba abin da zai hana. In kama muku zaure mai mukayyif, da kujeru, da malama mai albashi. Ku huta da wannan gumi."

Ta ce, "Tayyib. Su me suke so?"

"Ba komai, tsari kawai. A rubuta wanda ya bayar da abin da ya bayar."

"A buɗe kwano ke nan."

"A buɗe mana! Me ke ciki da ake ɓoyewa, zinariya?"

Ta dube shi. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan ganyena. Da ta faɗa masa da ya gane nan take, don ba mugu ba ne. Amma faɗa masa ɗin shi ne buɗe kwanon, ita kuma ba za ta yi ba. Sai ta kauce ta soke shi ta wani wurin. Ta ce, "Aljihun rigarka ma akanta ke riƙe da shi?"

Maganar ta yi masa zafi. Ya miƙe ya ce, "Ba maganar aljihu nake ba. Ke kaɗai ce a bayan labulen nan. In kin mutu fa? Ƙungiya ba ta mutuwa, Yaya. Ranar da kika kwanta dama abin nan zai bi ki."

Ta ce, "In na mutu ka zo ka duba ko kwanuka za su zo."

Ya ce to, tunda abin ya zama gori, daga aljihunsa zai ci gaba da aiko da buhu. Ta ce ba ta so. "Buhu ya daina shiga gidan nan. Kowa na ganin buhu, kowa ya san na wa ne. In kana son bayarwa ka zo da kwano a rufe, da hannunka, kamar kowa."

"Ni? In ratsa titi da kwano da faifai kamar mai kai abincin biki?"

"Kai fa. Kai da na goya."

Ya fita bai sha gahawarsa ba.

Zan faɗi gaskiya ko da tana kabari: Goggo na da taurin kai. Buhun nan da ta kora, mu muka ji shi a faranti. Na gaya mata haka, ta ce in bakina ya gaji in ba shi ruwa. Maganar Baffa kuma ba ƙarya ba ce, ni ma ta tsaya mini a rai. Sai daga baya na fahimci nata tsoron. Da buhunsa ya ci gaba da shigowa a lokacin da kowa ke fama, da zaman ya zama na Baffa, mu kuma masu zuwa cin sadakarsa. Ita so take kowace mace ta shigo a matsayin mai bayarwa, ko da me ta zo. Amma dai mun ci tuwo da miya mai ruwa, wannan ma a rubuta.

Baffa ya kai kyautarsa ga wata ƙungiya mai lasisi da ke kula da kayan tarihi, kuma sun yi aiki da ita. Suka shirya baje kolin kayan al'ummomin da hajji ya zaunar a Madina, har da kusurwar Hausawa. Ya ba su aron faifan mahaifiyarsu mai jan bakin nan, aka sa shi cikin gilashi da fitila a kai. Kafin nan salla ta zo, ya je ya sumbaci kan yayarsa yadda ake yi a nan, ta sa masa albarka, ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Shi ya ɗauke mu a motarsa ya kai mu wurin baje kolin. Goggo ta daɗe a gaban gilashin, sannan ta ce, "Inna ta sami mukayyif." Muka yi dariya, amma na ga idonta ya ciko. Da ta ga 'yan makaranta suna karanta bayanin suna ɗaukar hoto, ta juya ta ce masa, "Ka yi abin kirki, ƙanena. Sun san mun zo." Ya ji daɗi sosai. Sai da muka shiga mota ta ƙara da cewa faifai dai in ya daɗe bai sha tururi ba bushewa yake. Ya ƙara sautin rediyo.

A shekararta ta ƙarshe ƙafafu suka ƙi. Aka sa mata kujera a bayan labulen, hannuwanta kawai ke fitowa su karɓa, muryar ta biyo baya a raunane, "Wayyo, za ki karya ni!" Wata Asabar bayan an watse ta ce in tsaya. Ta kwance makullin ƙaramar ƙofar gidan daga bakin zanenta ta ba ni, ta ce, "Labulen nan naki ne a bayana."

Na ce, "Goggo, ni? Duk Madina an san bakina. Ko lefen 'yar maƙwabta na gani sai na ba da labari."

Ta ce, "Na sani, ba wanda ya sha wahalar bakinki kamata. Amma kin taɓa faɗa wa wani ranar da na zo miki da faifai?"

Na ce a'a.

"To. Wadda ta taɓa ɗauko shi wayam ta san yadda ake karɓarsa. Ki tanƙwara gwiwa sosai, kada ki yi rowa da ita."

Ta sa na gwada a gabanta da kwanon wanke-wanke. Ta ce muryata kamar ta mai tallan gas, in sake. Na yi ta sakewa tana dariya har tari ya kama ta.

A kwanakin makoki Baffa bai ce komai a kan gidan ba, bai ce a buɗe ba, bai ce a rufe ba. Maigidana dai ya gaya mini cewa a wurin zaman maza direbobi da teloli da masu gyaran famfo sun yi ta kama hannunsa suna cewa, "Yayarka ta rufa mana asiri." Ya yi ta tambaya, "Da me?" Ba wanda ya ba shi amsa, sai dai a ce Allah ya jiƙanta a wuce.

Asabar ta farko bayan an tashi daga makoki na yi shawara da maigidana. Ya ce, "Makulli a hannunki yake, ki buɗe. In ya ce ku tashi, gidansa ne, sai ku tashi da mutuncinku." Na je Masallacin Ƙuba da safe, na sayo na'a-na'a, na share tsakar gida, na ɗora tukunya, na shimfiɗa tabarmi. Aka yi la'asar, ba kowa. Na ce a raina maganar Baffa ta tabbata, abin ya bi ta. Sai ga mai ƙunshi, idanu a kumbure, kwano a hannu. Na karɓa, gwiwata ta tanƙwara da kanta, na ce: "Wayyo, za ki karya ni da nauyi." Ta fashe da kuka da dariya lokaci guda. Bayanta ga 'yar kantin magani. Bayanta ga tsohuwa Balarabiya, ta rufe nata da murfin tukunya don ba ta da faifai. Kafin in ankara takalma sun cika bakin ƙofa.

Ana tsakiyar tatsuniya aka ce Baffa na sallama. Mata suka ja mayafi. Na fita ina da tabbacin maganar gida ya zo yi, har na shirya abin da zan ce masa. Na tarar da shi a tsaye cikin farar riga. Motarsa na can nesa a bakin babban titi, ya ratso unguwa a ƙafa, masu shaguna na leƙowa. Hannunsa biyu na riƙe da kwano, a rufe da faifan nan mai jan baki.

Ya ce, "Ta ce in zo in duba." Ya dubi takalman da suka cika ƙofa har suka zubo titi, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya miƙo mini. "Yaya ake yi? Miƙawa kawai ake?"

Na ce, "Miƙawa kawai, Baffa."

Na karɓa da hannu biyu, na tanƙwara gwiwa sosai yadda aka koya mini, na ce, "Wayyo, Baffa, za ka karya ni da nauyi!"

Ya juya fuskarsa wajen bango. Na tsaya da kwanon a hannu na bar shi ya gama. Da ya juyo ya gyara murya ya ce zai aiko da makullin babbar ƙofa, wannan ƙaramar ta yi wa masu goyo kaɗan. Ya tambayi yaushe ake zuwa karɓar kwano, na ce kafin magariba. Ya ce, "To. Kada dai a zuba mini miyar 'yar Chadin nan, cikina ba ya son barkono."

Na shiga da shi bayan labule, na jera shi cikin sauran. Kujerarta na nan inda ta bar ta. Na zauna a kai, na yi bisimilla, na fara ɗaga faya-fayan ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta, ya rufe mata nata yadda ta rufe mana namu. Yadda ta yi maƙwabtaka da Manzo a nan, Allah ya sa ta yi da shi a can.

Tun ranar mata ke zolayata, musamman a kan kwanon Baffa: dabino ne, nama ne, ko takardar gida ce? Har maigidana ya gwada ni da dabara, ya san halina. Nawa na buɗe muku a rubutun nan don nawa ne. Sauran kuwa, ni mai bakin nan, ba za ku ji a wurina ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, kafin magariba kowa ya karɓi kwanonsa da ɗumi. Baffa ma ya dawo a ƙafa ya karɓi nasa, faifan mahaifiyarsu ya yi laushi, yana ta fitar da tururi.